Hunturu uku kafin Farin Kwari: yadda na kai ga zamiya a Shamoni

Duk shekara idan sanyi ya kama a Turai, akwai 'yan uwa Hausawa masu karatu ko aiki a Faransa da maƙwabtanta da ke tambayata inda ya dace mutum ya je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, musamman wanda ya riga ya ɗanɗana wasan a ƙananan wurare, yanzu yana neman inda zai gwada ƙwanjinsa. Amsata ba ta sauyawa: kwarin Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, a yankin Haute-Savoie, daidai gindin dutsen Mont Blanc. Sai dai ban taɓa ba da wannan amsa ba tare da na gindaya sharaɗi ba, domin ni kaina sai da na yi hunturu uku ina kai da komowa kafin na iya wurin, kuma abin da na koya a tsakanin ya fi sunan garin amfani ga mai niyyar tafiya.

Ni haifaffen Damagaram ne, aiki ne ya kai ni birnin Liyon. Zuwana na farko Shamoni a watan Janairu na 2020 ne, bayan na yi kwana huɗu kacal ina koyon zamiya a wani ƙaramin wuri mai sauƙin gangara. Na shiga jirgin ƙasa har tashar Saint-Gervais-Le Fayet, inda ake sauya jirgi a shiga ƙaramin nan mai suna Mont-Blanc Express, wanda ke hawa kwarin ya ratsa Les Houches da Shamoni da Argentière da Vallorcine, ya zarce har Martigny ta ƙasar Suwizalan. Wanda ya taso daga gida kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya sauka a filin jirgin saman Janiba, daga nan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, kuma bizar Shengen guda ta wadatar da shi a Suwizalan da Faransa da Italiya.

Abu na farko da ban fahimta ba a lokacin shi ne Shamoni ba filin wasa ɗaya ba ne da mutum zai fito daga masauki ya ɗaura allunan zamiya ya kama hanya. Gari ne a ƙasan wani dogon kwari mai zurfi, a tsayin mita 1,035 daga matakin teku, filayen wasan kuma a warwatse suke a ɓangarorin kwarin biyu, sai an bi bas ko jirgin ƙasa daga wannan zuwa wancan. Akwai Brévent da Flégère a ɓangaren da rana ke haskawa, akwai Les Houches a ƙasan kwarin cikin dazuzzuka, akwai Le Tour a can ƙarshe wajen iyakar Suwizalan, sannan ga Grands Montets a saman ƙauyen Argentière. Hanyoyin zamiya a Faransa da launi ake bambanta su: kore ga mai koyo, shuɗi ga wanda ya fara tsayawa da ƙafafunsa, ja ga wanda ya iya, baƙi ga gwani. Amma launin gwargwadon wurin ake sa shi, kuma ja a Shamoni ya fi baƙi na wasu wuraren tsanani. A Les Houches ma akwai hanyar da sunanta La Verte, wato Koriya, alhali baƙa ce, a kanta ake tseren zamiya na duniya da ake kira Kandahar.

A rana ta biyu na hau motar igiya, wato akwatin da ke rataye a igiyar ƙarfe yana ɗaukar mutane zuwa saman dutse, har Planpraz, tsayin kusan mita 2,000, na zaɓi wata jar hanya domin na ga na iya shuɗi a inda na fito. Rana ta narkar da saman dusar jiya da yamma, sanyin dare kuma ya mayar da ita kamar daɓen siminti. Na yi juyi uku lafiya, a na huɗu allon ƙafar dama ya kuɓuce, gwiwata ta murɗe, na yi ta gangarawa a kwance har sai da gangaren ya sassauta. Masu aikin ceto suka zo cikin 'yan mintoci, suka ɗaure ƙafar, suka sauko da ni a kan wani gado mai zamewa da mutum ɗaya ke ja. Alhamdu lillahi, targaɗe ne, ƙashi bai karye ba. Laifin nawa ne, domin alamar hanyar a fili take kuma na karanta ta. A ranar na san cewa ceto a kan hanyoyin zamiya a Faransa ba kyauta ba ne, yana kai ɗaruruwan Yuro, kuma inshorar da ake tayi wa mutum wajen sayen tikiti, wadda ba ta wuce 'yan Yuro a rana ba, ita ce ta ɗauke mini nauyin. Wanda ya zo da inshorar neman biza, wadda doka ta ce kada ta gaza Yuro 30,000, ya karanta takardar da kyau, domin da yawa daga cikinsu sun cire wasannin tsauni, balle zamiya a wajen hanyoyin da aka shata.

Hunturun da ya biyo baya annobar korona ta sa aka rufe motocin igiya a duk faɗin Faransa, don haka sai a ƙarshen 2021 na koma. Wannan karon na fara daga inda ya kamata tun farko. Na yi rajistar darasi na mako guda a makarantar koyar da zamiya ta Faransa, wadda ake gane malamanta da jajayen riguna, aka fara da ni a La Vormaine, filin masu koyo da ke Le Tour, tare da yara da dattawa. Daga nan muka hau Balme, inda gangaren ke da faɗi da sauƙi. Malamar da ta koya mana ta nace kan abu ɗaya har ya zauna mini: jiki yana son ya ja baya idan ya ga gangare, amma wanda ya ja baya ya saki linzami, sai mutum ya jingina ƙwaurinsa a gaban takalmin ya fuskanci kwarin da yake tsoro. Ta koya mana kuma zamewa a karkace, wato a sa allunan biyu a gicciye a sauko a hankali ba tare da juyi ba, dabarar da ba ta da kyan gani amma ita ce ke fitar da mutum daga wurin da ya fi ƙarfinsa. Na dawo sau huɗu a wannan hunturu, duk a ƙarshen mako, kuma kafin dusar ta narke na koma hanyar da ta kayar da ni na sauko ta a tsaye.

A hunturu na uku ne na shiga Grands Montets, kuma shi ne ainihin wurin da nake nufi idan na ce wa gwani ya zo Shamoni. Daga Argentière ake hawa zuwa Lognan, tsayin mita 1,972, daga nan kuma motar Bochard ta kai mutum mita 2,765. Dutsen yana kallon arewa, rana ba ta cika dukansa ba, shi ya sa dusarsa ke daɗewa da kyau har akan ci gaba da wasa a nan zuwa farkon watan Mayu bayan sauran filayen sun rufe. Amma wannan inuwar ita ce ke sa sanyinsa ya yi tsanani a Janairu. Gangarensa dogo ne, ba ya ba mutum wurin hutawa, kuma wurare da yawa ba a bi su da injin baje dusa, sai masu zamiya su yi ta juyi a wuri ɗaya har dusar ta taru tsibi-tsibi kamar kunyoyin doya, wasu sun kai gwiwa. A kan waɗannan tsibin ne cinya ke gaya wa mutum gaskiyar horon da ya yi. A saman kai ga Aiguille Verte mai mita 4,122, a ɓangare guda kuma ga kogin ƙanƙarar Argentière, wato ƙanƙara mai kauri da ta cika kwari tana gangarawa a hankali kamar kogi. A da akwai motar igiya da ke kai mutane har kusan mita 3,300, amma gobara ta cinye tasharta da ke Lognan a watan Satumba na 2018, kuma a lokacin da na je ba a kammala sabon ginin ba, wanda mai zanen gine-ginen nan ɗan Italiya Renzo Piano ya tsara. A lokacin, masu son ƙololuwar da ƙafa suke hawa, suna manna wata fata a ƙarƙashin allunan don kada su zame baya. Ko ba ƙololuwar, abin da ke tsakanin Bochard da Argentière ya ishi mai neman wahala ta gaskiya, kuma hanyar Pierre à Ric da ke saukowa ta cikin itatuwa har ƙauyen takan daskare da yamma daidai lokacin da ƙafafu suka gaji.

Bayan na yi kwana shida a can ba tare da wata faɗuwa mai tsanani ba, sai na ga lokaci ya yi da zan tambayi batun Vallée Blanche, wato Farin Kwari. Wannan ba hanya ce da aka shata ba. Tafiya ce ta kimanin kilomita 20 a kan kogin ƙanƙara, babu alama, babu masu sintiri, babu shinge. Na je ofishin ƙungiyar jagororin Shamoni da ke kusa da majami'ar Saint-Michel a tsakiyar gari, ƙungiyar da aka kafa a 1821, wadda ta girmi duk takwarorinta a duniya. Ba su tambaye ni shekaruna ko ƙasata ba. Sun tambaye ni ko ina iya sauko da jar hanya kowace iri ce dusarta, ko ina iya tsayawa daidai inda aka nuna mini, ko ina iya zamewa a karkace a wuri mai ƙunci, da kuma ko ƙafafuna za su jure awa biyar ko shida. Na amsa da gaskiya, aka sa ni cikin ayarin mutum biyar.

Akwai wata magana da nake ganin ta shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can. Tafiyar tana farawa ne daga Aiguille du Midi, tsayin mita 3,842, inda iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba, kuma motar igiya tana ɗauko mutum daga gari ta ajiye shi a can cikin kimanin minti 20, jiki bai samu damar sabawa ba. Ciwon sikila ya yawaita a cikin al'ummarmu, kuma ƙarancin iska a irin wannan tsayi yana da haɗari ga mai ciwon, har ma wanda ke ɗauke da rabin ƙwayar gadon yana iya samun matsala a saifarsa. Kafin na biya kuɗi sai da na ga likita, kuma ina roƙon duk ɗan uwan da zai hau, ko da kallo kawai zai je yi, ya san ko yana ɗauke da ƙwayar sikila ya nemi shawara.

An sa mana rana a farkon watan Maris na 2023, makonni kaɗan kafin azumi, amma iska mai ƙarfi ta sa jagoran ya ɗaga tafiyar har kwana biyu. Kowace yamma hukumar yanayi ta Faransa tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar dusa a ma'auni mai hawa biyar, kuma jagoran ya ja hankalinmu cewa hawa na uku, wanda baƙo ke ɗauka matsakaici ne, a shi ne kusan rabin masu mutuwa suke mutuwa, domin a shi ne mutane ke ganin za su iya fita. Mutanen kwarin ba sa wasa da wannan batu. A watan Fabrairu na 1999 dusa ta zaftaro kan ƙauyen Montroc, kusa da Le Tour, ta kashe mutum 12 a cikin gidajensu.

Wannan jira ne ya ba ni damar sanin garin sosai, tare da maiɗakina wadda ta rako ni ba don zamiya ba. Shamoni gari ne na gaske mai mazauna kusan dubu tara, da makarantu da kasuwar Asabar, ba rukunin otal-otal da aka gina don baƙi ba. Kogin Arve ya ratsa tsakiyarsa, babban titinsa kuma sunan likita Michel-Gabriel Paccard yake ɗauke da shi, wanda shi da Jacques Balmat suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc a ranar 8 ga Agusta, 1786. A bakin kogin akwai mutum-mutumin Balmat yana nuna wa masanin nan na Janiba, Horace-Bénédict de Saussure, ƙololuwar da yatsa, kuma idan mutum ya bi yatsan da ido zai ga dutsen da kansa, sama da mita 4,800. A nan aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924. Wanda ba ya zamiya yana iya hawa Aiguille du Midi ya shiga akwatin gilashin da aka rataya a bakin dutsen, ko ya ziyarci gidan adana duwatsu masu ƙyalli, ko ya bi hanyar ƙarƙashin Mont Blanc mai tsawon kilomita 11.6, wadda aka buɗe a 1965, ya ci abincin rana a Courmayeur ta Italiya ya dawo.

Game da abinci, Musulmi sai ya buɗe baki ya yi tambaya. Abincin yankin cuku ne da dankalin turawa, amma a cikin tartiflette akwai naman alade, fondue da giyar inabi ake narka cukunta, raclette kuma tare da yankakken naman alade ake kawo ta sai idan mutum ya ce a cire. Mu mun kama ɗaki mai kicin, muka riƙa sayen cukun Beaufort da Reblochon da burodi da kifi muna dafa abinmu, wanda ya rage mana kuɗi ƙwarai, domin garin yana da tsada. Masauki ya fi sauƙi a Les Houches ko Servoz, kuma katin baƙi da masauki ke bayarwa ya ba mu damar shiga jirgin kwarin kyauta. Wanda zamiya ce kawai ta kawo shi, Argentière ta fi masa. Makon Kirsimeti da hutun makarantun Faransa na Fabrairu lokutan cunkoso ne da tsadar komai, tsakiyar Janairu da Maris sun fi. Ba zan ɓoye aibin wurin ba: a tsakiyar hunturu rana tana saurin ɓuya bayan duwatsu, jiran bas da kaya a kafaɗa yana gajiyarwa, kuma idan iska ta kwanta hayaƙin itacen ɗumama gidaje da na manyan motoci yakan taru a ƙasan kwarin.

A rana ta uku gari ya waye tas. Muka haɗu a tashar motar igiya da sassafe, jagoran ya ɗaura wa kowa ɗamarar igiya a ƙugu da cinyoyi, wadda da ita ake jawo mutum idan ya faɗa tsagar ƙanƙara, ya rataya wa kowa na'urar da ke aika sigina idan dusa ta binne shi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Maiɗakina ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, Allah ya tsare, ka bi maganar mutumin nan." Motar, wadda ke aiki tun 1955, zango biyu take yi, ana sauyawa a Plan de l'Aiguille, mita 2,317, zango na biyu kuma babu ginshiƙi ko ɗaya tsakaninsa da ƙololuwa. A sama ma'auni ya nuna 16 ƙasa da sifili. Na ji kaina ya yi nauyi, matakala goma kuma suka sa ni haki.

Ana fita ne ta wani rami da aka haƙa cikin ƙanƙara, a buɗe wata 'yar ƙofa, sai ga doron dutsen a gaba. Wannan doron shi ne wurin da ya fi tsorata ni a duk tafiyar, kuma ba a zamiya a kansa, da ƙafa ake sauka, alluna a ɗaure a jakar baya. Siririyar hanya ce da aka sassaƙa a dusa aka kafa mata igiyoyi a gefe. A hagu babu komai sai sarari, rufin gidajen Shamoni na can ƙasa kusan mita 2,800. Jagoran ya haɗa mu a igiya ɗaya, shi yana baya, ya sa muka ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma. Na riƙa karanta addu'a a zuci ina kallon inda zan sa ƙafa kawai, har muka kai fili.

A nan ya faɗi dokokinsa uku: kowa ya bi sawunsa, kada kowa ya wuce shi ya tsaya a ƙasa da shi, kuma kada kowa ya cire allunansa biyu a lokaci ɗaya, domin faɗin allon ne ke raba nauyin mutum a kan gadar dusar da ta rufe bakin rami. Sai muka zame. Farkon tafiyar fili ne mai faɗi, gangarensa mai sauƙi, Mont Blanc du Tacul a damanmu, can gaba kuma ga Dent du Géant, wato Haƙorin Ƙato, a tsaye shi kaɗai a kan iyakar Italiya. Shirun wurin ya tuna mini da dajin arewacin Tanut, inda mutum ke jin numfashinsa. Na gane a nan cewa wahalar Farin Kwari ba a tsananin gangare take ba, Grands Montets ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba. Wahalarsa ita ce abin da ke ƙarƙashin ƙafa ba ya ganuwa. Sau biyu jagoran ya karkata hanya a wurin da ni ban ga komai ba sai farar dusa, da muka sauko na waiwaya sai na ga baƙin bakin rami a ƙasan wurin.

Wuri mafi wuya a kan alluna shi ne inda kogin ƙanƙarar ke karyewa a kan gangaren dutse, ya tsattsage ya zama manyan gumakan ƙanƙara masu launin shuɗi, wasu sun kai tsayin bene. Hanyar a nan ƙunci gare ta, ta daskare, ga rami a gefe, kuma ba a tsayawa domin gumakan suna faɗuwa ba tare da gargaɗi ba. Zamewa a karkacen nan da na koya a Le Tour tare da yara ita ce ta sauko da ni. Muka huta a bukkar Requin, mita 2,516, muka sha shayi, sannan muka gangara fili mai suna Salle à Manger muka shiga Mer de Glace, Tekun Ƙanƙara, inda gangaren ya kwanta har sai an riƙa tura jiki da sanduna. Dutsen Drus yana gabanmu ta dama kamar tsinin mashi, Grandes Jorasses kuma a bayanmu.

A shekarun da dusa ta wadata ana iya zarcewa da zamiya har cikin gari, amma a namu hunturun ba ta kai ba, don haka tafiyar ta ƙare a ƙarƙashin Montenvers, tashar jirgin ƙasa da ke can sama a gefen kogin ƙanƙarar. Muka saɓa alluna a kafaɗa muka hau matakala fiye da 500 cikin takalman zamiya masu tauri. A jikin dutsen an kafa alluna masu nuna inda saman ƙanƙarar yake a shekarun baya, kuma sai da muka yi hawa mai nisa, ƙanƙarar ta koma can ƙasa ƙwarai, kafin muka iso allon 1990. A farkon 2024 an buɗe sabuwar motar igiya da ta rage yawancin wannan hawa, don haka mai zuwa yanzu ba zai sha abin da muka sha ba. A tashar Montenvers, mita 1,913, na tarar da maiɗakina tana jira, ta hawo a jan jirgin nan mai haƙora da ke bin wannan hanya tun 1909, ta riga ta shiga kogon da ake sassaƙawa cikin ƙanƙarar ta fito. Muka shiga jirgin tare muka sauko gari cikin kimanin minti 20, na mayar da ɗamara da na'urar ga jagoran, na yi masa godiya, na koma masauki na haɗa Azahar da La'asar kafin rana ta faɗa bayan Brévent.